Surukina da Ya Rama Gayyar Gwamnati

Daga wurin Allah muka zo, kuma surukina ya riga mu komawa. Baba nake ce masa. Tun da aka kawo ni gidansa bakina bai taɓa kama sunansa ba, ba kuwa zan fara yau don ya kwanta dama ba. Ya rasu farkon damina, gero bai kai gwiwa ba, a ƙauyenmu da ke kudu da hanyar Agiye zuwa Gazawa. Ɗansa na fari, wato maigidana, ba ya cikin waɗanda suka ɗauki makara. Tun zamanin Nasara aka tafi da shi soja, kuma ranar jana'izar ba mu san ko yana raye ba.

Ta bayan danga na riƙa kallon masu gaisuwa. Tsofaffin soja suka zo a kan jakuna, har daga wajen Gidan Rumji, sun maƙala lambobinsu a kan riguna masu faci. Ɗayansu ya ƙame a ƙofar zaure zai sara wa mamaci. Uwar mijina, wadda muke ce wa Inna, ta aiko daga ɗakin takaba: "Ku ce mashi ya zamna ya yi addu'a. Mai gidan ga bai son wagga tsayuwa tun yana da rai."

Mazan ƙauyenmu kuwa sun cika gindin tsamiya, amma ba ka jin maganarsu. A zaman makoki an saba wani ya ɗauko alherin mamaci, wani ya ƙara, har a ɗan yi dariya. Su waɗannan ƙasa suke kallo. Kowannensu ya san akwai gumin tsohon a gonarsa.

Ana cikin haka sai ga ɗan aiken depite, wato ɗan majalisarmu na sabuwar gwamnati, da ƙunshin goro a hannu da jawabi a baki. Ya ce ƙasa ta yi rashin ɗan kishinta, dattijon da ya nuna wa talakawa yadda ake yi wa ƙasa aiki ba tare da jiran lada ba. Aka shigo wa Inna da goron. Ko kwance shi ba ta yi ba. Ta ce, "Maida mashi. Ka ce mun gode, haƙoranmu sun zube."

Wannan jawabi ne ya hana ni sakat. In muka yi shiru, nan gaba haka za a riƙa ba da labarinsa, wai tsohon da ya yi wa gwamnati hanya don kishin ƙasa. Ƙarya ne. Ni na daka geron, ni na kai furar, saboda haka ni zan faɗi yadda aka yi.

Baba dogo ne siriri, yana ɗingishi da ƙafar hagu. Yatsun ƙafar ya baro a ƙasar Nasara lokacin da shi ma aka kai shi yaƙi, kuma ba harsashi ya cire su ba, sanyi ne. Ba ya ba da labarin can. In samari sun matsa masa sai ya ce, "Mun tahi, wasu sun komo," ya ci gaba da tufkar igiyarsa. Lambar da aka ba shi kuwa a wuyan ragonsa ya rataya ta, wai ragon ya fi shi iya tafiyar soja.

Da ya dawo ma ba a bar shi ya huta ba. Aka sa shi aikin dole a hanyar Maradi, kwandon marmara a ka, gardi, wato dogarin Nasara, a baya da bulala da usur. Abin da ya samo a wannan aiki shi ne ƙin usur. Ko kara wani ya hura ya yi irin wannan ƙara, Baba zai ajiye abin da ke hannunsa ya bar wurin.

Ba shi da sarauta, ko ta unguwa. Amma in ana son gayya a ƙauyenmu bakinsa ake nema, don in ya kira ba mai zama gida. Shi kuwa ba ya ba da bakin nan a banza. Sai mai gona ya tako da ƙafarsa ya roƙa, ko ɗan sarki ne. Sai Baba ya aika an leƙa masa rumbu, a ga ko zai iya ciyar da mutane. Sannan ya tambaye shi a gaban jama'a, "Ran da wani ya kira, za ka hito?" Wani attajirin gyaɗa ya taɓa cewa shi barorinsa zai aiko su rama masa. Baba ya ce, "To barorin naka su kira gayya, mu zo masu." Ya sha faɗa mana cewa aikin da ba a ciyar ba kuma ba a rama ba, ko makaɗan duniya aka tara masa, sunansa aikin dole.

Maigidana ɗan fari ne, don haka Baba bai taɓa kiran sunansa ba, bai taɓa haɗa tabarma da shi ba. Ran da 'yan sarki suka zo zaɓen soja, gidanmu suka fara nufa kamar yadda suka saba, domin kakan Baba daga kudu ya ƙetaro, ta wajen Katsina. In za a karɓi haraji mu 'yan gida ne, in za a ba Nasara yaro sai a tuna mu baƙi ne. Aka fita da shi Baba na zaune yana gyaran ƙotar hauya, ko kai bai ɗaga ba. Mutane suka ce tsohon soja ba shi da imani. Ni da na je ɗauko ƙwaryar furarsa na tarar ya fere ƙotar nan har ta koma tsinke.

Daga baya wani da aka sallamo ya ce an kai su Aljeriya, suna yaƙi da Musulmi 'yan'uwansu. Baba ba shi da damar tambaya kai tsaye. Sai in na durƙusa gaishe shi da safe ya kalli wani wuri can ya ce, "Ɗiyata, ba a ji motsin mutumin naki ba?"

Da shekaru suka ja, iyayena suka fara zancen a je wurin alƙali ya raba auren. Baba ya kira ni ya zaunar, abin da suruki ba ya yi. Ya ce, "In kin gaji ki tahi, ba mai ganin laihinki, ni da kaina zan raka ki. In kin zamna, ga gamana can gabas ga rijiya, taki ce." Na zauna, na karɓi 'yar gonar. Sau da yawa in na fita da safe sai in tarar wani ya riga ya nome mini gefe guda, in na yi magana Baba ya ce shi bai san zancen ba.

Sai ga mulkin kai. Aka yi kiɗa a Agiye, aka sauke tuta aka ɗaga tuta. Baba bai yi rawa ba, bai kuma hana kowa ba. Ran kasuwar Gazawa manyan sabuwar gwamnati suka hau kan mota suna zuba alkawari, ga likita, ga lakol, wato makarantar boko, ga rijiyoyi. Waɗanda suka je suka ce Baba ya yi ta ɗaga sandarsa har aka ba shi magana. Ya ce, "Ɗiyanmu da ke yaƙin Nasara, yanzu da Nasara ya tahi, yaƙin wa suke yi, kuma yaushe za ku komo da su? Sannan wanda ya ɗauki kwando bisa hanya, yanzu wa za ya biya shi?" Aka yi tafi, aka ce tsoho ya yi magana, ana dubawa. Ni dai a ganina gwamnatin da ba ta da amsar waɗannan tambayoyi, tuta kaɗai ta sauya mana.

Ƙarshen bazara depite ya zo gidanmu. Ɗan ƙasar nan ne, tsohon malamin lakol, ya sha furar gayya tun yana ƙarami, shi ya sa na fi jin haushinsa a kan kowane Nasara. Ya bar motarsa a bakin babbar hanya saboda rairayi, ya tako da ƙafa, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa. Wato dai ya san ta inda ake shiga. Ya ce gwamnati na son a zuba marmara daga babbar hanya zuwa ƙauyenmu kafin bikin tunawa da mulkin kai, baitulmali kuwa ba kome a ciki, sai dai a yi gayya.

Baba ya ce, "Wa za ya ciyar?"

"Gwamnati, Baba. Buhunan gero na Maradi, suna tahe."

"Wa za ya rama?"

"Ai hanyar taku ce."

"Ban tambaye ka ta wa ce ba."

Ina bayan danga ina jin daɗi, na ce yau mai bakin zuma ya gamu da daidai shi. Sai depite ya sassauta murya. Ya ce an gama magana da Nasara, bana za a maido sojojinmu, amma waɗanda ƙauyukansu suka nuna kishi su za a fara sallamowa, babbar mota ta kawo su har gida. Sannan ya kama sunan maigidana, gatsal, a gaban ubansa, ya ce, "Ba ka son ya sauka ƙohwar gidanga?"

Baba ya sunkuyar da kai. Da ya ɗago sai ya ce a kira masa makaɗi.

Maƙerin ƙauyenmu aminin Baba ne, tare aka yi musu kaciya. Da ya ji ganga ya bar wuta a maƙera ya taho. Ya ce, "Kai da bakinka ka hwaɗa mana sunan irin wanga aiki. Ruwa ya sauka, haki na tashi, za ka kai mutane ɗaukar kwando?" Baba ya ce, "Na san abin da na hwaɗa. Ba gwamnati ke roƙonku ba, ni ke roƙonku." Maƙeri ya dube shi, ya gane abin da ba a faɗa ba. Ya ce, "In kai ne, mu hito." Ya fito da ɗansa, wanda shi ke nan gare shi namiji, ƙauye kuma ya biyo bayansu.

Ramin marmara na da nisa. Maza na haƙa suna ɗauka, mata na jigilar ruwa, makaɗi na kiɗa. Rana ta take, ba buhu ba labarinsa. Baba ya shigo gida ya ce wa Inna a buɗe rumbu. Inna ta ce, "Malam, wanga shi ne cin daminarmu." Ya ce, "Ni na kira." Daga ranar ni da Inna muka kama daka, har tafin hannuna ya fashe na naɗe da tsumma na ci gaba. Kullum ana cewa buhunan gwamnati sun baro Maradi. Da rumbun ya ga ƙasa aka yanka ragon nan mai lamba, aka sayar da awaki aka auno gero a Gazawa.

Wata rana buro, ofishin gwamnati da ke Agiye, ya aiko gardi, wai ya ga yadda aiki ke tafiya. Ya tarar mutane sun zauna shan fura, sai ya ciro usur ya busa. Makaɗi ya tsaya cak. Ina wurin da ƙwarya a hannu, na ga tsofaffi sun zabura sun miƙe kafin su san sun miƙe, wallahi sai da na ji kunya a madadinsu. Baba ya ɗingisa har gaban gardin ya miƙa masa tafin hannu. Gardin ya waiwaya ya ga idanun mutane, ya ajiye usur ɗin a hannun Baba. Baba ya jefa shi tsakiyar hanya ya ce a juye kwando a kai. Yana nan ƙarƙashin marmara har yau.

Aka gama hanya. Mutane suka koma gonakinsu suka tarar haki ya fi gero tsawo. Ba wanda ya ce wa Baba kome, don kowa na jiran motar. Shi kuwa sai ya tsiri yankan ciyawa a bakin sabuwar hanya, mutumin da ko akuya ɗaya ba ta rage masa ba.

Gero na fitar da kai muka ji ƙugin mota da hantsi. Ƙauye ya fashe. Inna ta rangaɗa guɗa, ni kuwa na ɗauro zanen da na ɓoye tun ranar aurena, na ruga ko takalmi babu. Samari su ne a gaba, suna tsalle suna tarbar mota. Ta tsaya gindin tsamiya, bayanta wayam, sai jandarmomi. Ɗaukar soja suka zo. Wai ƙasa mai 'yanci dole ta yi sojanta. Wane yaƙi za a yi, da wa, ba wanda ya ga ya kamata a gaya mana.

A zamanin Nasara masu ɗaukar soja a kan dawaki suke zuwa, suna fama da rairayi, kafin su iso labari ya riga su, mai ƙafa ya ƙetare iyaka. Yanzu mun shimfiɗa musu hanya da kanmu, mun kuma tura musu samarin da guɗa. Cikin waɗanda aka jefa a mota har da ɗan maƙeri. Da ta juya, maƙeri ya tako gaban Baba a tsakiyar mutane ya ce, "Ka yi hanya don naka ya komo, ta tahi da nawa." Daga nan bai ƙara yi masa magana ba.

Baba ya taka har buro a Agiye neman depite. Aka ce yana Yamai. Ya sake komawa, aka ce yana Yamai. Bai koma na gaba ba. Ya ɗauki lauje ya ce wa Inna, "Gwamnati ba ta da hauya. Ni na kira, ni zan rama."

Haka ya fara bin gonakin mutane ɗaya bayan ɗaya. Ya yi musu girbin ɗan abin da haki ya bari, ya ɗaure dami, da rani ya yi yaɓen rumbu da yasar rijiya. Wasu suka riƙe masa hannu suna roƙo ya bari. Wasu kuwa suka kau da kai suka bar shi yana yi, don suna jin zafin abin da ya same su, su ma ban manta da su ba. A shekarar nan tafasa da dusa muka ci a gidanmu, kuma da wannan cikin yake fita aikin.

Ran da na ga ya dawo yana dafa bango, na ajiye kunya gefe. Na ce, "Baba, wanda ya ci amanar yana Yamai yana cin shinkafa. Kai mi ka yi da za ka kashe kanka?" Bai yi fushi ba. Ya ce, "Ɗiyata, ba don depite nike yi ba. In ban rama ba, gobe gwauruwa za ta kira gayya a ce mata an gani ga hanya. Sun ɗauke mana ɗiya, kada su haɗa da wannan." Na fita na bar masa ɗakin, haushi bai sauka ba.

Da damina ta zagayo saura gonar maƙeri. Maƙeri ya aiko cewa kada ya taka masa gona. Baba ya je duk da haka. Ya kama noma daga wancan bakin, maƙeri da ya rasa mai taya shi yana wannan bakin, ba sallama ba sannu. Kullum haka, tsofaffi biyu sun ba juna baya. Wata rana da hantsi maƙeri ya daina jin ƙarar hauya a bayansa. Ya waiwaya ya ga Baba kwance a ƙasa. Shi ya goyo shi har gida, yana tafe yana kuka yana zagi: "Tashi, wawan tsoho! Wa ya ce ka biya ni?" Muka kwantar da shi a zaure. Kafin azahar ya buɗe ido ya kira sunan ɗansa, sarai, sunan da ban taɓa ji a bakinsa ba. Sai kalmar shahada.

To, ku manyan gwamnati, ga ɗan kishin ƙasar da kuke yabo. Ya tambaye ku abin da za ku yi da ɗiyan mutane da ke bakin bindiga, kuka amsa masa da mota. Ya tambaye ku hakkin mai kwando, kuka ari sunan gayya kuka shafa wa aikin dole. Nasara da ya sa mu aiki bai taɓa cewa ɗan'uwanmu ne shi ba, bai durƙusa a zaurenmu ba. Ina jin wannan haushi in na tashi, ina jin sa in na kwanta, kuma ban roƙi Allah ya yaye mini shi ba tukuna.

Allah ya jiƙan Baba, ya sanyaya masa makwanci, ya hutar da wannan ƙafa da ta sha tafiyar wasu. Aikin da ya yi a gonakin mutane, Allah ya sa ya tarar da shi a gabansa.

Bayan sadakar arba'in maigidana ya dawo, a bayan motar wasu 'yan kasuwa, ya rame har Inna ba ta gane shi da farko ba. Aka yi kuka, aka kai shi ya ga kabarin Baba, ya dawo ya zauna a ɗakin Inna, ni ina bakin ƙofa. Ya ce ai sun daɗe da barin Aljeriya. An zube su a bariki a Yamai, Nasara ya ce yanzu ba nasa ba ne, namu suka ce ba su yanke ko za a riƙe su ko za a sallame su ba. Kafin a yanke sai aka sa su bugun bulo, ba biya, ba fita.

Ya ce, "Amma ai na aiko. Depite ya zo barikin, na gaishe shi, na ce ya hwaɗa ma Baba ina nan lahiya, sallama kawai nike jira. Bai hwaɗa maku ba?"

Inna ta ce, "Yaushe?"

"Bara, cikin bazara, kahin ruwa ya sauka."

Inna ta miƙe ta fita. Sai maigidana ya juyo wajena ya ce, "Amma kun samu hanya mai kyau, mota har ƙohwar gida. Wa ya yi maku ita?"

Na ce, "Baba ya yi ta."

Sai ya yi murmushi, irin na ɗan da ya ji an yabi ubansa, domin ban faɗa masa sauran ba tukuna.